Cikinsa a cike, ma'auni kuwa ya ce baya yake yi

Wata baiwar Allah daga unguwar Garin Malam a nan Damagaram ta rubuto mini, ga maganarta a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Mama. Ina da yaro ɗan wata 16, shi ne na fari. Yana wata 13 aka gane ina da ciki, sai Inna, mahaifiyar maigida, ta ce nonon ya lalace, ta ɗauke shi ta yaye a ɗakinta, da yake gida ɗaya muke. Tun daga nan abincinsa kunun hatsi ne safe da rana, da dare a ɗan lasa masa tuwo da miyar kuka. Lokacin yaye nauyinsa kilo 8 da giram 600 ne, a awon makon jiya kilo 8 cif. Gashinsa ya yi laushi ya soma ja, cikinsa ya yi tulu, zawo kuma yana zuwa yana tafiya. Inna ta ce haƙori ne, kuma yaron da cikinsa ke cike ba a cewa yana jin yunwa. Na kawo zancen ƙwai, ta ce ba za ta yi rainon ɓarawo ba. Ɗan fari ne, ina kunyar in matsa a ce na cika son ɗa, maigida kuma ya ce in bar wa Inna. Shin kunu bai isa ba ne? Yaya zan yi ba tare da na saɓa wa surukata ba?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Kafin mu shiga zancen kunu, akwai abin da ba ya jiran ki gama karatu. Ki ɗora yaron a cinya, ki danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali, sannan ki ɗaga. Idan gurbin yatsa ya zauna a ƙafafun duka biyu kamar an danna ƙullu, kumburin tamowa ne, kuma yau za ki kai shi likita. Haka nan idan ya ƙi cin komai, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi laushi har kuka ma ba ya iyawa. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, duk da haka ki koma inda kike awo cikin makon nan, ki nemi a auna tsawonsa, a kuma auna damtsensa da zaren nan mai launi uku. Ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 115 zuwa ƙasa da 125, matsakaiciya ce. Lissafin da kika kawo ne ya sa na matsa: a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, tsaka-tsakin nauyin yaro namiji ɗan wata 16 kilo 10 da rabi ne, kuma wanda bai kai kilo 8 da giram 400 ba yana cikin masu ƙarancin nauyi. Naki ya faɗa ƙasa da wannan layi, yana kuma raguwa a lokacin da ya kamata kowane wata ya ƙara. Haƙori yana sa dalalar miyau da ƙaiƙayin dasashi da 'yar rigima, amma ba ya zaftare giram 600 daga jikin yaro.

Amsar tambayarki ta farko ita ce kunu shi kaɗai bai isa ba, kuma ina so ki san dalili, domin mace mai dalili a hannu ta fi mai cewa "an ce a likita" samun kunnen manya. Jikin mutum da na akuya da na itacen gawo duk daga 'yan sinadarai kaɗan aka harhaɗa su. Guda huɗu daga ciki, oksijin da kabon da haidurojin da naitirojin, su ne kimanin kashi 96 cikin 100 na nauyinmu. Mafi yawan oksijin da haidurojin ɗin suna nan a matsayin ruwa, tunda kusan kashi 60 cikin 100 na jikin babba ruwa ne, na jariri ma ya fi haka. Kabon kuwa kin san shi sarai, shi ne baƙin da ke fitowa idan tuwo ya ƙone a gindin tukunya, shi ne gawayi. Hatsi a gona yana jawo kabon daga iska, ya haɗa shi da ruwa ta ƙarfin hasken rana ya yi wani sukari da ake kira gulukos, sannan ya jera gulukos ɗin ɗaruruwa da dubbai kamar ƙwayoyin carbi ya adana a cikin tsaba. Wannan carbin shi ne sitaci, gasarar nan da ke kwantawa a ƙasan roba idan kin tace ƙullu. Da yaro ya sha kunu, miyau da hanji suna tsittsinke carbin, gulukos ya shiga jini, jiki ya ƙona shi da iskar da ake shaƙa, ya sami ɗumi da ƙarfin motsi. Aikin sitaci aikin itacen girki ne, kuma aiki ne babba, domin ƙwaƙwalwa ma da gulukos take tafiya.

Sai dai a cikin sitaci sinadarai uku ne kawai, babu naitirojin ko ƙwaya ɗaya. Tsoka da fata da gashi, da jan jini, da dakarun da ke yaƙar cuta a cikin jini, har da abubuwan da hanji ke fitarwa don narkar da abinci, duk da furotin ake yin su, kuma kimanin kashi 16 cikin 100 na kowane furotin naitirojin ne. Jiki yana iya juya sitaci ya zama kitse, amma ba ya iya juya shi ya zama tsoka, kamar yadda kayan itace ɗari da aka jibge a ƙofar gida ba za su tayar da katanga ba idan babu tubali. Idan furotin ya yi ƙaranci a abinci, jiki yakan koma yana rushe tsokarsa don ya toshe gurbin da ya fi gaggawa. Shi ya sa cinyoyi da ɗuwawu ke zubewa, gashi ya yi siriri ya kwashe launi, tsokar da ke ɗaure ciki ta saki, hanji ya cika da iska, sai a ga ciki tulu a ɗauka ƙoshi ne. Tsutsar ciki ma tana ƙara wannan, don haka ki tambayi maganinta, ana ba yara tun daga shekara ɗaya.

Wannan zancen naitirojin ba baƙo ba ne a wurin duk wanda ya taɓa riƙe hauya, 'yan lakwal ne kawai ke kiran sa azot. Inna ta san hatsin da aka shuka a gajiyayyar ƙasa yana tashi rawaya, siriri, ko da ruwan sama bai yanke masa ba, kuma ta san taki ne maganinsa. Abin da takin ke kaiwa ke nan. Iskar da ke kewaye da mu kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma mutum ba ya iya amfani da ita kai tsaye, hatsi ma haka. Wake da gyaɗa da gawo su ne ke da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke zaune suna kamo naitirojin daga iska suna miƙa wa shukar. Dalilin da ya sa manoman Matamaye da Magariya da Mirya ba sa sare gawo a gona ke nan, hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na fili kai, kuma shi ya sa ƙwayar wake take ɗauke da furotin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin hatsi. Yaron da ake shayar da kunu zalla yana cikin halin gonar da ake ba ruwa kullum ba a kai mata taki.

Kada in zalunci hatsi, yana da nasa furotin, kimanin kashi ɗaya cikin goma, ya fi farar shinkafa, ya yi wa rogo nisa. Matsalarsa ta iri ce. Furotin ana jera shi ne daga wasu ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid, kamar yadda ake jera haruffa a fitar da kalmomi, kuma tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, sai an ci. Ɗaya daga cikin taran, mai suna laisin, ya yi kaɗan a hatsi da dawa da masara. Da ya ƙare, ginin ya tsaya, sauran tubalan kuma a ƙone su kamar itace. Wake yana da laisin mai yawa, yana kuma ƙarancin wani mai suna metiyonin wanda hatsi ke da shi, saboda haka idan suka haɗu kowa ya rufe wa ɗan'uwansa asiri. Iyayenmu sun gano haka da harshe tun kafin a sa wa abin suna: fura da nono, koko da ƙosai, shinkafa da wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Abin da ke ba ni takaici shi ne a gidaje da yawa babba ne ke karyawa da koko da ƙosai, yaron da ke ginin jiki kuma a miƙa masa kokon tsura.

Akwai dalili na biyu, kuma a ganina ya fi na farko cin yaranmu. Kunun da ake tsinkawa don yaro ya iya kurɓa yawancinsa ruwa ne. Ƙarfin abinci da kalori ake auna shi, kuma irin wannan tsinkakken kunu yana ba da kalori wajen 40 a kowace mililita 100, alhali nonon uwa yana ba da kusan 70 a daidai wannan awo, ga mai da furotin da kariya daga cuta a ciki. Yaro tsakanin shekara ɗaya da biyu yana buƙatar kalori wajen 900 a yini. Tumbinsa kuwa yana ɗaukar kimanin mililita 30 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato naki ɗan kilo 8 bai wuce rubu'in lita ba a zama ɗaya. Ki yi lissafi da kanki: sai ya sha fiye da lita biyu, ya cika ciki taf sau tara, kafin ya sami abin da zai riƙe shi, ba a ma zo maganar girma ba. A nan Inna ta yi gaskiya da ta ce cikinsa a cike yake, abin da ya cika shi ne abin dubawa.

Gyaran yana cikin madafinku. Giram ɗaya na sitaci ko na furotin kalori 4 yake bayarwa, giram ɗaya na mai kuwa 9, don haka ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa da aka zuba a kwanonsa ya kai ƙarfin mililita 100 na tsinkakken kunu, ba tare da ya cinye wuri a ciki ba. Ki auna gwangwani uku na hatsi, ɗaya na wake da aka soya sama-sama aka cire ɓawo, ɗaya na soyayyar gyaɗa, a niƙa tare a ajiye cikin abu mai murfi. Gyaɗar a tsince ta da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, domin gubar da ke cikinta tana taɓa hanta kuma wuta ba ta kashe ta. A dama da kauri, a bar shi ya dahu sosai saboda waken, kaurin da idan an karkata cokali ba zai zube nan take ba.

Za a ce miki yaro ba ya iya haɗiye mai kauri, kuma akwai gaskiya a ciki, amma matan da ke kunun zaƙi sun daɗe da warware wannan. Kin ga yadda kunu mai kauri yake sakewa ya yi zaƙi idan an zuba masa niƙaƙƙen dankali? Wani sinadari ne mai suna amilas yake yanka dogon carbin sitaci gutsi-gutsi, sai kaurin ya faɗi alhali ba a ƙara ruwa ko ɗigo ba, ƙarfin abincin yana nan yadda yake. Irinsa ne a miyau, shi ya sa gurasa ke yin zaƙi idan an daɗe ana tauna ta. Hatsin da ya tsira yana cike da shi. Ki jiƙa ɗan hatsi ya kwana, ki tsane, ki rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta kwana biyu zuwa uku har ya fito da tsiro, ki shanya ya bushe ƙarau, ki murje saiwoyin ki fece, ki daka. Bayan an sauke kunu ya ɗan huce, ki barbaɗa ƙaramin cokali na wannan gari ki juya, cikin 'yan mintoci za ki ga ya saki, sai ki mayar wuta ya tafasa sau ɗaya. Hatsi na ce, ban ce dawa ba, domin tsiron dawa yana da gubar nan da ke kashe shanun da suka faɗa wa gyauro.

Tunda an raba shi da nono, dole wani abu daga dabba ya maye gurbi, domin furotin ɗin madara da ƙwai da nama da kifi yana da tubalan nan tara cikakku, kuma bitamin B12 ba a samun sa a tsiro. Kofi ɗaya zuwa biyu na madarar akuya ko ta saniya da aka tafasa, ko nono mai tsabta, kowace rana. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ba ta cikin lissafi, sukari ya fi yawa a cikinta. Busasshen kifi a cire ƙaya a daka, hanta ko da sau ɗaya a mako, har fara ma, idan an san ba ta wurin da aka yi feshi ba ce, a cire ƙafa da fiffike a daka a zuba a miyarsa, domin busasshiyar fara fiye da rabinta furotin ne. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6, kusan rabin abin da lafiyayyen yaro mai shekarunsa ke buƙata a yini. Zancen sata kuwa, ni a fahimtata dabara ce ta magabata don a bar ƙwai ya ƙyanƙyashe a lokacin da kaza ita ce asusun mace, kuma ban ga laifinsu ba a zamaninsu. Amma ba sai kin ci Inna da gardama a kan wannan ba. Idan dafaffen ƙwai a hannu ne ba ta so, a fasa shi cikin kunu yana kan wuta a juya har ya dahu. Idan ta ƙi gaba ɗaya, madara da kifi da wake za su riƙe shi kafin ta sauko. Abinci sau huɗu zuwa biyar a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, a kwanonsa shi kaɗai, domin yaron da aka haɗa da yayye a akushi ɗaya kallo yake ci.

Abin da ke damun ɗanki ba sabo ba ne a duniya. Wata likitar yara mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana cutar kumburi da jan gashi a 1933 a tsakanin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara, kuma a 1935 ta rubuta ta da sunan da mutanen Ga na Akara ke kiran ta, kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaron da ƙane ya ture daga nono. Kwanikar da muke faɗa ce suka sa wa suna da harshensu. A can da nan, laifin da ake ɗora wa nonon mai ciki na yayen gaggawa ne da abin da aka maye gurbin nonon da shi.

Bayan manyan nan uku, sitaci da furotin da mai, akwai waɗanda jiki ke buƙata ɗan kaɗan amma rashinsu ke kayar da yaro. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kamar ƙusa guda, amma shi ne ke riƙe oksijin a cikin jan jini, kuma ƙarancinsa ne ke sa tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Hatsi yana da ƙarfe, sai dai yana tare da wani sinadari mai suna fitat da ke ƙanƙame shi ya hana hanji ɗauka. Jiƙo da tsiro da barin ƙullu ya yi tsami suna rage fitat, bitamin C kuma yana kwance ƙarfen, saboda haka garin 'ya'yan kuka ko matsin lemun tsami a kunu bayan an sauke, ko gwaba da tumatir a gefe, suna da aiki fiye da daɗin baki. Shayi akasin haka yake yi, kada a ɗanɗana masa. Kanwa ma a rage a abincinsa, domin tana lalata bitamin B1. Bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ya kuma raunana hanji da huhu, yana cikin hanta da gwaiduwa da kabewa da karas da mangwaro da ganyen zogale, kuma a mai yake narkewa, don haka miyar ganye marar mai rabin aiki ce. Ki duba katinsa ko ya karɓi ɗigon bitamin A da ake ba yara duk wata shida. Gishiri kuma ya zama mai iyodin, a rufe, nesa da zafin murhu.

Zawon nan shi ne ramin da ke tsiyayar da duk abin da za ki zuba. Tamowa tana siranta bangon hanji, siririn hanji yana saurin kamuwa, kowane zawo kuma yana ƙara tamowar. Mun san halin ruwa a garin nan da yadda jarka ke bin hannuwa kafin ta iso gida, saboda haka ruwan shansa a tafasa ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci, kunun da ya wuni a buɗe kuma kada a ba shi sai an sake tafasawa. Idan zawo ya zo, a kaɗa fakiti ɗaya na garin gishiri da sukari na likita cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Hikimar haɗin ita ce akwai ƙofa a bangon hanji da ba ta shigar da gishiri sai tare da gulukos, idan suka shiga kuma ruwa ya bi su, shi ya sa ba a ƙara awo ba a ragewa. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya, domin tana gyara hanji tana kuma dawo da sha'awar abinci. Kada a tsayar da ciyarwa da sunan hutar da ciki.

Idan awo ya nuna ja, za a sa shi cikin shirin masu tamowa a ba ku abin da muke kira biskit. Plumpy'Nut ne sunansa, an ƙirƙiro shi a Faransa a 1996, likita André Briend na cikin waɗanda suka haɗa shi, kuma a ƙasar nan, a yunwar 2005, an yi amfani da shi ga dubban yara suna gidajen iyayensu. Fakiti ɗaya giram 92 ne, yana ɗauke da kalori 500, daidai da fiye da lita ɗaya ta tsinkakken kunu. Ki dubi abin da ke ciki: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, garin madara, mai, sukari, da bitamin da ma'adinai. In ban da na ƙarshen nan, babu wanda ba a samu a Kasuwar Dole. Magani ne da aka auna da nauyin yaro, ba a raba shi da sauran yaran gida, ba a dama shi da ruwa.

Saura Inna, wadda ita ce rabin wasiƙarki. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban raina ta ba, amma kunyar ta kiran suna ce da ɗauka a gaban mutane, ba ta kai ga a zuba ido yaro yana zubewa ba. Kuma ki riƙe a ranki cewa Inna ba maƙiyiyarsa ba ce. Ta yaye 'ya'ya da kunu sun rayu, sai dai akasari a da yaro yakan kusa shekara biyu kafin a cire shi, yana da haƙoran tauna, yana bin kwanon kowa, wanda ya sha bamban da ɗan wata 13. Kada ki je mata da "kin yi kuskure". Ki roƙe ta ta raka ki awo, ki ce ke ba ki iya riƙe bayanin ma'aikata, ita ce babba. Ta ga zaren a damtsen jikanta da idonta, ta ji daga bakin wanda ba surukarta ba. Garin kuma ki haɗa ki kai mata ɗaki, ki ce ga abin da aka ce a riƙa dama wa mijinta, tunda haka kaka ke kiran jika, ki bar damun da bayarwar a hannunta. Idan nauyi ya fara hawa, ki bari yabon ya tafi gare ta, ba abin da zai ragu a jikinki. Idan akwai wata gwaggo ko ƙawarta da take jin maganarta, ki bi ta nan tun kafin ranar awo.

Game da nonon, ciki ba ya mayar da shi guba. Yakan ragu, ɗanɗanonsa yakan sauya wajen tsakiyar ciki, amma mace mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa, sai fa idan tana zubar jini ko ta saba haihuwa kafin lokaci, wanda wannan hukuncin ungozomar likita ne. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ke son cika shayarwa, kuma ya zo a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi niyyar hana gila, sai ya ga Rumawa da Farisawa suna yi ba ya cutar da 'ya'yansu, bai hana ba. Malamai sun fassara gila da kusantar mai shayarwa, wasu kuma da shayarwar mai ciki. Yanzu da wata uku suka wuce, ga ciki ya yi nisa, ban ce ki tayar da rigimar mayar da shi nono ba. Na faɗa ne saboda na cikin, da wanda zai biyo bayansa. Ke ma jinin mutum biyu kike haɗawa, don haka ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki a awon ciki ki sha ta kullum, ba tare da shayi ba, kuma kunun nan da za a dama wa yaro ki sa a ƙara ludayi biyu naki.

Maigida kuwa, "bar wa Inna" ba ta sauke masa nauyi, domin ciyarwa a wuyansa take. Ki same shi shi kaɗai da dare, ki buɗe masa katin awo, ki nuna masa 8,600 da 8,000 da watannin da ke tsakaninsu, maza sun fi jin lamba da kuka. Kada ki ce ya yi wa mahaifiyarsa magana, wannan zai sa ya toshe kunne. Ki ce ya riƙa shigowa da tiyar wake da gwangwanin gyaɗa da ɗan busasshen kifi, da madara ko nono kowace safiya, ya miƙa wa Inna da hannunsa ya ce na yaron ne. Abin da ɗa ya kawo da hannunsa uwa ba ta mayarwa. Idan ya ce babu hali, ki tambaye shi cikin ladabi nawa yake zubawa a sukari da ganyen shayi a fada cikin mako guda, ki ce rabin wannan kike roƙo har zuwa awo na gaba.